Ƙwan Da Ya Jira Alhaji

Duk yawan shekarun da na yi a bakin wuta, safiyar da na fara dafa ƙwai a cikin miya ba ta taɓa fita raina ba. A watan Agusta ne na shekarar 2008, ana tsakiyar wasannin Olamfik a Beijin, ni kuwa ina Guangzhou, ina aikin kuku a wani ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don labarin ya shafe ku.

Asalina mai shayi ne. Na daɗe da teburi a bakin Kantin Kwari a Kano, kuma ba yabon kai ba, ko a cikin barci aka tashe ni zan soya ƙwai ba tare da ya kama ba. A nan Hajiya Kuluwa ta san ni. Ita 'yar kasuwa ce mai harkar yadi, da ta ga 'yan'uwanmu na wahalar abinci a China sai ta kama haya ta buɗe gidan abinci, ta yi mini takardu na bi ta. In na ce gidan abinci kada ku ɗauka wani babban wuri ne. Falon gidan haya ne a saman bene, an shimfiɗa darduma, an jingina matasai a bango. Kicin ɗin kuwa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsuke ciki. Tsarin aikin mai sauƙi ne: Hajiya ce lawban, wato mai gida a bakin 'yan China, ita ke cefane da tarbar baƙi, ni ke kan wuta. Da safe ƙosai da kunu, da rana shinkafa ko tuwo da miya.

A shekarar nan kasuwa ta yi mana sanyi ƙwarai. Saboda wasannin an tsananta maganar biza, waɗanda tasu ta ƙare suka koma gida, sababbi kuma ba su cika zuwa ba. Falon da a da sai mutum ya jira a tashi kafin ya zauna, ya koma sai mu yini muna kallon talabijin ni da Hajiya. Wata rana ta kira ni ta ce, "Malam Idi, ba zan ɓoye maka ba. In wata ya ƙare a haka, rufewa zan yi, kowa ya kama hanyar gida." Na ce Allah ya kyauta. Na riga na sayar da teburina a Kano, kuma na yi wa mutanen gida cika-bakin da komawa a lokacin ba za ta yi mini daɗi ba.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Ilya, wani babban ɗan kasuwa daga Maraɗi. Shi ba ya zuwa shi kaɗai, ayari yake jagoranta, kuma inda ya ci nan mutanensa ke ci, a wannan zuwan da na gaba. Sun sauka a wani otal a Liuhua. Hajiya ta same shi a kasuwa ta yi masa tayi, ya ce mata, "Hajiya, mun gaji da abincin otal. Kullum soyayyen ƙwai da burodi, kamar muna kwance asibiti. Gobe da sahe za mu biyo kahin mu tahi Huangpu wurin lodi. In kuna da abin da za ya riƙe cikin mutum, to wurinku za mu ci har mu koma." Hajiya ta yi masa alkawarin ƙosai mai zafi, ta dawo tana murna har da 'yar waƙa a kan matakala.

Washegari bayan sallar asuba na wanke wakena, na surfa, na zuba a injin markaɗe. Ina kunnawa ya yi wani irin gurnani, ya fitar da hayaƙi, ya yi shiru. Na kashe na kunna, na bubbuga, na yi masa addu'a, ko motsi. Hajiya ta sauka da gudu wurin matar da ke sayar da kayan lantarki a ƙasan benenmu, ta tarar ba ta ma gama buɗe shago ba. Matar ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo," wato babu. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san in aka ce maka meyo, magana ta ƙare.

To ku duba halin da muke ciki. Babu markaɗe babu ƙosai. Babu markaɗe babu miya, don duk miyar da na sani sai an markaɗa kayanta. Abin da ya rage a kicin tumatir ne da albasa da tafarnuwa da kiret ɗin ƙwai. Ƙwan kuma in na soya, na kawo wa Alhaji ainihin abin da ya gudo dominsa.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga Malam Yakubu ya shigo shan kununsa. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, dillalin lodi, yana cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su daina zuwa ba. Ya yi shekaru a Italiya, a wajen Napoli, ya fara da tsinkar tumatir a gona har ya kai ga aiki a kicin, kuma ba ya bari a manta da hakan. Ko ruwa ka ba shi sai ya gaya maka yadda ake sha a Napoli. Ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan ba komai ba ne. Kuna da tumatir, kuna da ƙwai, kuna kuka? A Italiya in mutum ya makara wurin aiki, wannan ne yake yi. Kafin ya gama sa takalmi ya nuna."

Hajiya ta ce, "Malam Yakubu, ba lokacin labarin Italiya ba ne."

Ya ce, "Ba labari ba ne, Hajiya. Ki aika a sayo gurasa. Idi, ɗora kasko."

Babu wanda za a aika, don haka Hajiya da kanta ta tafi wurin Musulmin China ɗin nan da ke gasa gurasa a bakin lungu. Ni kuma na ɗora kaskon ƙosai, baƙin ƙarfe mai kauri, Malam Yakubu ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana ba da umarni kamar shi ya ɗauke ni aiki. Ya ce a zuba man zaitun, na ce man gyaɗa gare mu, ya yi tsaki ya ce a zuba. Na soya albasa da tafarnuwa har suka yi laushi, na watsa garin barkono, sannan na juye tumatir ɗin da na yanka ƙanana-ƙanana da wuƙa. Ya ce gishiri kawai. Na dube shi, na ɓare dunƙule na jefa yana kallo. Ya ce, "Ka ɓata." Na ce, "Mutanen Maraɗi za su ci, ba mutanen Napoli ba."

Cikin ɗan lokaci tumatir ya narke ya yi kauri, ƙamshi ya cika falon. A nan ne ya nuna mini dabarar. Da bayan ludayi ake yin 'yan ramuka a cikin miyar, a fasa ƙwai ɗaya a kowane rami, a rage wuta, a rufe. Na yi yadda ya ce. Da ya ce in buɗe, na ga farin ya kama, amma gwaiduwa tana nan tana rawa, ɗanya shar.

Ya ce, "Sauke."

Na ce, "In sauke me? Bai nuna ba."

"Haka ake ci. Ka fasa shi ya gauraya da miya, ka dangwala gurasa."

Na ce, "Malam Yakubu, ka ji tsoron Allah. Shekara nawa ina sayar wa Hausawa ƙwai, ban taɓa ganin wanda ya karɓi ƙwai yana zuba ba. In Alhaji ya fasa wannan ya ga ruwa, wallahi tashi zai yi."

Na ɗauki cokali zan juya ƙwan, ya riƙe mini hannu. Muna cikin wannan kokawa sai muka ji sallama a falo, muryoyi da yawa, ga takalma ana cirewa. Hajiya ta faɗo kicin da gurasa a hannu, ta ce sun iso kuma motarsu na jira a ƙasa. Ba ta tsaya jin ƙararmu ba, ta naɗe hannu da tsumma ta sauke kaskon, ta kai tsakiyar darduma ta ɗora a kan katako, miyar tana ta ɓararraka. Na tsaya a bayan labulen kicin, har na fara tunanin wanda zan roƙa ya ara mini teburi in na koma Kano.

Alhaji Ilya dattijo ne mai fara'a, ya leƙa kaskon ya ce, "To, wanga kuma mi ne ne?" Hajiya ta ce, "Miyar ƙwai ce, Alhaji, irin ta Italiya." Malam Yakubu ya matso ya gaishe shi, ya fara bayani cewa sai an fara fasa gwaiduwa tukuna. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"A'a, malam. Mu gidanmu ba a hwarawa da nama. Ƙwan ga shi ne naman miyar ga, sai an gama. Zamna ka sa hannu."

Ni a gigice na manta da wannan, alhali da shi aka rene ni. In ana ci a kwano ɗaya, kowa gabansa yake ci, nama kuma ba mai taɓawa sai babba ya raba a ƙarshe. Suka yi bismilla suka yayyaga gurasa, kowa yana dangwalar miya daga gefensa, yana kewaye ƙwan kamar an sa masa shinge. Barkono ya kama su, gumi ya fara tsattsafowa, wani na cewa a ƙaro gurasa, wani na neman shayi. Shayi kuwa ai gidana aka zo, na haɗa musu mai kauri.

Sai talabijin ya nuno 'yan ƙwallon Nijeriya, waɗanda a lokacin suke ta cin wasa. Alhaji ya dubi Malam Yakubu ya ce, "Malam, ina 'yan Gana? Ban gan su ba."

Malam Yakubu ya ce, "Alhaji, suna wurin da 'yan Nijar suke."

Falon ya kaure da dariya. Daga nan musu ya ɓarke tsakanin Maraɗi da Kumasi, kowa na kare ƙasar da ba ta ma je wasan ba, mu 'yan Nijeriya muna gefe muna jin daɗi. Direba ya kira waya, Alhaji ya ce masa ya jira. Duk wannan lokacin Malam Yakubu na magana amma idonsa na kan kaskon, yana kallon gwaiduwar nan tana dushewa a hankali. Kaskon ƙarfe ba ya huce da wuri, ga miya mai zafi ta kewaye ƙwan. Ni ma daga bayan labule na ga rawar ta tsaya.

Da miya ta kusa ƙarewa Alhaji ya ɗauki cokali ya yanka ƙwai na farko. Ya nuna har ciki, ba ruwa, kuma bai bushe ba, yana da laushi kamar dafaffen dankali. Ya ce, "Baƙo shi ka hwarawa," ya tura wa Malam Yakubu. Malam Yakubu ya karɓa da hannu biyu, ya ci da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. Alhaji ya raba sauran, ya ɗanɗana nasa, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, kira mini mai girkin ga."

Na fito na durƙusa. Ya ce, "Sannu da aiki. Ban taɓa cin ƙwai da ya sha miya haka ba. Kullum da sahe wanga muke so, da rana kuma tuwo. Mutanena da ke tahe wata mai zuwa, su ma nan za su ci." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji." Hajiya kuwa ta shige kicin, na ji tana ta hamdala ita kaɗai.

Bayan sun tafi ta fito ta zauna tana fifita da gyale. Ta ce, "Malam Idi, Allah ya rufa mana asiri. Amma gobe don Allah ka dafa shi sosai tun a wuta, kada jinina ya sake hawa."

Na ce, "Hajiya, ba za a yi haka ba. In ya nuna tun a wuta, kafin Alhaji ya gama musun ƙwallo ya zama robar silifa. Yana rawa zan sauke shi."

Malam Yakubu ya miƙe ya rungume ni ya ce yau na zama ɗan Napoli. Na ce masa ya sake ni, ni ba don a fasa nake saukewa ba, don a jira ne. Ya ce duk ɗaya ne. Har na bar garin nan ba mu daidaita a kan wannan magana ba, kuma kowace safiya sai na cire masa nasa a ƙaramin kwano ya fasa abinsa a gefe, mutanen Maraɗi na kallonsa suna yi masa addu'ar samun lafiya.

Gidan abincin bai rufe ba. An sayi sabon inji, ƙosai ya dawo, amma miyar ƙwai ta zauna, har ɗaliban jami'a suka ji labari suka riƙa zuwa ranar hutu. Abin da na koya a safiyar nan shi ne, girki ba ya ƙarewa a lokacin da ka kashe wuta. Sai ka san su wa za su ci, a kwano ɗaya ko kowa nasa, masu sauri ne ko masu hira, me suke farawa da shi, me suke bari sai ƙarshe. Shi ya sa har yau, in ɗayanku ya zo yana tambayata ko abinci ya nuna a sauke, nake ce masa ya fara leƙa falo ya ga wanda ke zaune.