Kawu a Kurmin Bakin Tafki

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya sauka a gidanmu na Lanham, kusa da Washington, a shekarar da aka yi masa aikin ido. Duk ƙuruciyarsa a aikin gandun daji ta ƙare, can arewacin Yobe inda yashi ke cin gonakin mutane. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata.

Da idon ya warke, maigidana ya zaga da shi cikin Washington, ni kuma na kai shi shagunan 'yan Afirka na Wheaton. Ya yaba, amma da ji ka san yabon kara ne. Wata Asabar muna shan shayi ya ce, "Uwata, wai ƙasar nan duk siminti ce? Ba ku da daji?"

A lokacin babbar 'yata tana jami'a kusa da Tafkin Michigan, muna kuma shirin kai mata kaya. Sai muka tafi da Kawu, tafiyar yini guda a mota. Washegari da hantsi yarinyar ta kai mu wani kurmi da hukuma ta killace a bakin tafkin.

Mun shiga ta wata siririyar hanya, ƙarƙashin manyan itatuwa masu duhun inuwa. Ba mu yi nisa ba Kawu ya tsaya, ya tsuguna, ya share busassun ganye da hannu. Baƙar ƙasa ce a sama, ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Ƙarƙashinta kuwa yashi ne zalla, fari tas. Ya damƙo shi ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa, ya ɗaga kai ya dubi itatuwan.

"Duk wannan kurmin a kan yashi yake zaune," in ji shi. "Ikon Allah."

Muna ƙara gaba itatuwan suna raguwa, suna gajarta, har muka hau wani dogon tudu muka hango ruwa shuɗi, ba a ganin ƙarshensa. Daga nan zuwa gaɓa babu komai sai tuddan yashi da wata doguwar ciyawa mai kaifin ganye. Kawu ya tsallake igiyar da aka ja a gefen hanya, ya fara tona gindin ciyawar.

Sai ga wata tsohuwar Baturiya da hular rana, ɗaya daga cikin masu aikin sa kai a wurin. Cikin ladabi ta ce a dawo kan hanya, domin sawun mutum yana kashe ciyawar, in ta mutu kuma iska ta kwashe tudun. Kunya ta kama ni. Na ba ta haƙuri, na gaya mata aikin da Kawu ya yi a gida. Nan take fuskarta ta sake. Ta ja mu zuwa wani wuri da iska ta riga ta yaye yashin, saiwoyin suna waje, sun sarƙe kamar tabarma.

Kawu yana jin Turanci, amma nata yana yi masa sauri, sai na zama tafinta. Ta ce ciyawar nan ita ce ke fara zama. Yashi na binne ta, tana ƙara tsawo, saiwarta tana bin ƙarƙashi tana ɗaure tudun. In tudu ya natsu sai ƙananan tsirrai su samu wuri, sai wata bishiya da ko an binne ta har wuya sai ta fitar da sababbin saiwoyi a jikinta. Ganye na zuba yana ruɓewa, ƙasa tana samuwa, sannan manyan itatuwa su biyo baya. Ta ce tafiyar da muka yi cikin rabin sa'a, aikin ɗaruruwan shekaru muka ratsa.

"Tambaye ta, Uwata, wa ya shuka?"

"Ta ce ba kowa, Kawu. Ƙyale wurin kawai aka yi."

Daga nan ta ba mu tarihi. Da can masu katako sun sare itatuwan gaɓar tafkin, yashi ya tashi, har wani ƙaramin gari ya nutse a cikinsa. Bayansu aka shiga kwasar yashin ana kai wa masana'antu, tudu sukutum ya ɓace. Mahaifiyarta na cikin matan da suka tashi tsaye, suna bin gida gida, suna rubuta wa 'yan majalisa, shekara da shekaru, kafin a hana taɓa abin da ya rage. Ta ce tana ƙarama ita ke liƙa wa wasiƙun kan sarki.

Kawu ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce in gaya mata shi ma ya yi yaƙi da yashi, amma da bishiya suka fara. Su dasa darbejiya layi layi a kan tudu, su yi ta ban ruwa da tanka, kafin shekara rabi sun bushe, sauran kuma awaki su gama da su. "Ciyawar da muke sharewa mu yi rami," ya ce, "ashe ita ya kamata mu fara roƙo ta zauna."

Tsohuwar ta ce ba ta san yashin ƙasarmu ba, kuma nan ana samun ruwan sama fiye da can. Kawu ya ce gaskiya ta faɗa, amma mu ma muna da namu ciyayin. Suka yi sallama kamar tsofaffin abokan aiki.

Bayan ya koma gida, ya shawo kan mai garinsu aka shinge wani tudu guda da ƙaya, aka hana kiwo da yankan ciyawa a kansa. Da damina ta biyu ta wuce ya aiko mini hoto. Tudun ya yi gashi gashi, ga tumfafiya nan da can, gefe ɗaya kuma fayau. Na kira shi na tambayi dalili. Ya ce awakin maƙwabcinsa ne suka fasa shingen, kuma ya riga ya sa an gyara.