Iskar da Ta Rage a Safaya

Motar yayana a-kori-kura ce fara, tsohuwa, ƙofar direba ba ta buɗewa sai daga ciki. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauko bandar kifi da ita daga wani bakin ruwa da ke ƙasa da Warra zuwa kasuwar Yelwa, shida daga cikinsu ina gefensa. Ya rasu a farkon bazara, bayan jinyar kwana tara. Da aka yi addu'ar bakwai, Inna ta miƙo mini makullin, ta koma ɗaki.

Tuƙi na iya. Iska ce ta gagare ni.

In bazara ta shiga, ruwan tafkin yakan ja da baya, ya bar filin yashi mai laushi tsakanin tudu da inda jirage ke tsayawa. Matan da ke banda sai su bi ruwan, su kafa rumfunansu can ƙasa. Mota mai cikakkiyar iska ba ta ratsa wannan yashin, rami tayoyin ke tonawa har ta zauna a kan cikinta. Dole a rage iska, taya ta baje, sannan a gangara. In an yi lodi an hauro tudu, sai a mayar da iskar kafin a kama hanya, in ba haka ba nauyin kaya ya cinye gefen taya. Kuma babu mai faci a wurin.

Famfon hannu gare mu, dogo, na ƙarfe, mariƙinsa na katako ya yi santsi don riƙo. Bayan kujera yake kwana. Ɗaya na bugawa, ɗaya na hutawa, hamsin-hamsin, har tayoyi huɗu su cika.

"Kai, hamsin ɗinka arba'in ce," in ji Yaya, kusan kowane mako.

"Ƙidayar 'yan makaranta nake yi."

"Awo. Makarantar da anka kore ka."

Rage iskar kuwa aikinsa ne shi kaɗai. Yakan tsuguna ya danna bawul da tsinken ashana, yana istigfari ƙasa-ƙasa. Talatin da uku a kowace taya. Shi ne awonsa, ba shi da wani. Wajen cikawa kuma sai ya ƙwanƙwasa taya da sifana ya saurara, ya ce ya isa, ko ya ce ƙara ashirin.

Zuwana na farko ni kaɗai, na yi duk abin da na ga yana yi. Tsinken ashana, istigfari talatin da uku. Ban kai rabin yashin ba motar ta nutse. Masunta takwas suka bar gyaran koma suka zo turi, ba wanda ya yi mini dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Na ƙara rage iska da ka, har ta yi yawa. Da na hauro tudu na ɗauko famfo. Na buga hamsin, na tsaya, na miƙa hannu gefe kamar yadda na saba. Sai na sake kama mariƙin. Tayoyi huɗu suka kai ni har bayan azahar, bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi bororo. Na isa Yelwa masu sarin da ke zuwa daga nesa sun ɗaure kayansu sun tafi.

Daga ranar na daina gangarawa. Sai in tsaya a tudu in danna oda, matan su ɗauko kwalaye a ka, su ratso yashi mai zafi sawu uku, sawu huɗu. Mako biyu suka yi haka. A na uku babbarsu ta zo har jikin mota. Tsohuwa ce gajera, hayaƙi ya jajanta mata ido, duk muna ce mata Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba.

"Ɗana, sauko mu yi magana."

Na sauko.

"Mun yi haƙuri don marigayi. Amma dubi ƙafafunmu. Mai koriyar motar nan ya ce shi har bakin rumfa zai zo. Kasuwa mai zuwa, in ba ka gangaro ba, shi za mu ba. Ba fushi ba ne."

"Na ji, Gwaggo."

"Ji ba shi ne ba. Kwana nawa kake da su, ka sani."

In lodin nan ya tafi, motar ba ta da aikin yi, kuma ƙanen mahaifinmu ya riga ya fara cewa a sayar da ita. Inna kuwa har yanzu takan fito tsakar gida da sassafe in na tayar da inji, ta tsaya riƙe da buta har ƙarar ta ɓace.

Akwai wani dattijo mai faci a bakin tashar Yelwa, Bakambare, wanda ya san motar tun kafin in san ta. Shi ya fara ce mini akwai ɗan injin buga iska da ake tafiya da shi cikin mota. Na ce to. Na shiga shagunan kayan mota a ranar, na fito hannu wofi. Washegari na koma. Rana ta uku ma haka. Ba na iya zama a gida, ba na iya tsayawa a shago. In an ɗauko mini wannan sai in ce a nuna mini wancan, in an buɗe kwali sai in ce zan dawo.

Iri uku na gani. Akwai ƙarami kamar rediyo, ana caja shi a gida, ba ya buƙatar waya. Akwai mai igiya da ake sokawa a ramin kunna sigari na gaban mota. Sai babba mai nauyi cikin jaka, da wayoyi biyu, ja da baƙa, masu baki kamar na kada, waɗanda ake maƙalawa a kan batir.

Mai shagon da na fi zuwa ya gaji da ni.

"Malam, kai ɗan bincike ne ko mai saye? Kullum ka zo ka shafa kwali ka tafi. Ɗauki mai cajin nan, shi manya ke saye."

"Taya nawa zai cika?"

"Duk tayar da ka ba shi."

Na ara na kai wa dattijon. Ya juya shi a hannu, ya karanta jikinsa da idon da ba ya karatu, ya mayar mini.

"Wanga na 'yan kabu-kabu ne. Tayarka ɗaya ba zai gama ba, numfashi ya ƙare mashi. Sannan ina za ka caja shi a bakin gulbi? A jikin tarwaɗa?"

Na koma na sayi mai igiyar sigari, ban gaya wa kowa ba. Na zaɓe shi ne don ƙarami ne, zai shiga ƙarƙashin kujera ba tare da na taɓa abin da ke bayanta ba. A ƙofar gida na gwada. Na soka, bai yi motsi ba. Na leƙa ƙarƙashin allon gaba na ga wayar ramin a yanke, an naɗe bakinta da tsumma. Sai na tuna. Shekarar da Yaya ya bar taba shi ya yanke ta da reza, ya ce kada ramin ya riƙa kiransa. Na daɗe zaune ina kallon ƙullin. Irin ƙullinsa ne, sau biyu sannan ya tura bakin ciki. Ban kwance ba.

Dattijon ya ce ko na gyara wayar, ɗan injin zai yi zafi ya ƙone fis kafin taya ta biyu, igiyarsa ma da ƙyar ta kai tayar baya. Ya goge hannu a wando ya dube ni.

"Ka san wanda ya kamata ka saya tun ranar farko. Mi ka hana ka?"

"Yana da girma."

"Motar ma tana da girma."

"Ba wurin ajiye shi sai bayan kujera."

Bai ƙara tambaya ba. Ya san abin da ke bayan kujera, shi ya canza wa famfon fata sau biyu.

Saura kwana biyu kasuwa muka tafi shagon tare. Mai shagon ya karɓi mai igiyar da na mayar yana gunaguni, ya sauko da jakar. Dattijon bai bar ni na taɓa aljihu ba. Ya sa na kawo motar ƙofar shago, ya sace iskar tayar baya da hannunsa har ta kwanta.

"Sa shi ya yi aiki mu gani."

"Baba, sabo ne fil, in na buɗe wa zai saya?"

"In ya cika taya, ga mai saye tsaye. In bai cika ba, ka gode mani na raba ka da ƙarya."

Aka ɗaga bonet, aka maƙala ja a kan ja, baƙa a kan baƙa. Dattijon ya ce kada in taɓa kunna shi sai injin mota na aiki, don kada in cika taya in kashe batir a inda ba mai tura ni. Ya ja tiyon har tayar da ta fi nisa, ya ga ya kai da saura. Ya ɗora tafin hannu a kan injin yana ruri, ya ce bayan taya biyu in bar shi ya huce, in sha ruwa ni ma. Tayar ta miƙe muna kallo. Akwai agogo a jikin tiyon, da allura mai hawa.

"Ina zan tsaya?" na tambaya.

"Ina yayanka ke tsayawa?"

"Sifana yake bugawa."

"Na sani. Shi ya sa nake tambayarka."

Ban sani ba. Shekara shida ina bugawa, ban taɓa sanin me kunnensa ke nema ba. Dattijon ya nuna ƙarƙashin bodi da haɓa.

"Safayar nan, wa ya buga mata iska?"

Yaya ne. Mako biyu kafin ya kwanta, mun yi faci a hanya, ya cika ta da famfo shi kaɗai don ina sallah, ya ƙwanƙwasa ya ce daidai take da na baya. Tun ranar ba wanda ya taɓa ta.

Muka sauko da ita. Na riƙe bakin tiyon na kasa sawa. Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya ɗaga masa hannu. Da na danna, iska kaɗan ta fita, ta taɓa bayan yatsana. Allurar ta hau ta tsaya ƙasa kaɗan da arba'in da biyar.

"Ƙara mata biyu don kwanakin da ta yi," in ji dattijon. "Shi ne lambarka."

Na karce lambar da ƙusa a jikin ƙofa. Ban ƙara wa safayar komai ba.

A gida na fito da famfon, na sa jakar a gurbinsa. Inna na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi famfon, ta ce, "Kawo nan." Ta jingine shi a bayan ƙofar ɗakinta, inda sandar mahaifinmu take.

Ranar kasuwa na isa tudu rana na ɗagowa. Koriyar motar na tsaye nesa kaɗan, direbanta na shan koko a kan bonet. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini. Na tsuguna da tsinken ashana a tayar gaba. Lambar hanya na samu, ta yashi har yanzu ba ni da ita. Na danna na fara istigfari. Ban ji zuwan Gwaggo ba sai da inuwarta ta faɗo a kan tayar.

"Tsaya. Wa ke korarka?"

"Talatin da uku yake yi, Gwaggo."

"Na sani, shekara nawa ina jin shi. Amma ba haka yake yi ba. Kai kamar mai ƙirga buhu. Shi ja yake yi, ya nisa, sannan ya sake. Shi ya sa ka nutse rannan."

Na mayar da iskar da injin har lambar da ke jikin ƙofa, don mu fara daga farko. Ta dafa bodi, ta fara da muryarta a hankali, ni ina bi. Sau biyu na wuce ta, sau biyu ta taɓa kafaɗata na dawo. Wajen na ashirin numfashina ya daidaita da nata. Ban san rabon da in yi wani abu a hankali haka ba tun ranar da muka dawo daga maƙabarta. Da muka kai talatin da uku na cire tsinken, na sa agogo. Allurar ta tsaya kusa da ashirin. Na karce ta ƙarƙashin ta farko.

"Sauran ukun duba agogonka," in ji ta. "Ni ina da kifi a wuta."

Na yi sauran ukun da istigfarin, agogon na duba bayan na gama. Duka sun zo kusa.

Motar ta ratsa yashin a giya ta biyu ba ta yi tangarɗa ba, har bakin rumfa. Matan suka fara miƙo kwalaye, wata ta ce in matsa gaba kaɗan hayaƙi na shiga mini gilashi. Da na hauro tudu koriyar motar ta tafi. Na ɗaga bonet, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa. Bayan taya biyu na kashe shi ya huce, na zauna a inuwar bodi na sha ruwa, jarkar na gefena a inda mutum na biyu ke zama. Sannan na tashi na kama ta uku.