Zaren Mista Colin

Shekarata goma sha ɗaya a shagon nan na Elm Street ina kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, amma har gobe ban manta da ranar da Mista Colin ya shigo ba.

Tsohon Bature ne ɗan Ingila, yana zaune wajen 'yarsa a McLeansville. Da ƙuruciya shi ke kaɗa gita a wata ƙungiyar kiɗan rok, ƙanensa na rera waƙa. Sun ɗan yi tashe, ƙanen ya rasu, duniya ta manta da su. Zaren kaset guda ya kawo, waƙoƙinsu na ƙarshe da ba a taɓa fitarwa ba. Babu kwafinsa ko'ina.

Ku sababbin ma'aikata kun san dokar shugabarmu, Hajiya Bilki. Zaren da ya tsufa ya sha danshi sai an gasa shi da zafi kaɗan-kaɗan, ya kwana ya huce, kafin ya hau inji. In ba haka ba, fatar da ke riƙe da sautin saɓulewa take yi.

Na ce ya dawo jibi. Ya ce gobe za a kwantar da shi asibiti, kuma likita bai yi masa alkawarin fitowa ba. "Minti ɗaya kawai," in ji shi, "in ji muryar ɗan'uwana."

Sa'an babana ne. Ni kuwa ba a koya mini kallon idon dattijo in ce a'a ba. Na ɗora zaren, na mayar da shi farko da gudu. Kafin in ankara, baƙin gari ya cika kan inji kamar toka. Da na kunna, gita ta tashi, murya ta biyo, ba a kai minti ba sai shiru har ƙarshe.

Hajiya ta fito ta ga garin. "Malam Sani, ba ka gasa shi ba? Doka ɗaya fa na ba ka!"

Shi kuwa tsohon kama hannuna ya yi, ya ce ya gode. Wannan godiyar ce take cina har yau. Bai fito daga asibitin ba, guntun da ya tsira shi na miƙa wa 'yarsa.

Ku riƙa gasa zare, ko mai shi kuka yake yi. A sana'armu tausayi ɓarna yake yi. Sai dai da na bi doka, da ya mutu bai ji ƙanensa ba, kuma har yanzu ban san wanne ya kamata in zaɓa ba.