Yatsu Uku da Tiren Ƙofar Gida

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, mai yankan kaji a unguwar Moursal. Har yau in na ga kaza a leda, fes ba gashi, shi ke faɗo mini a rai.

Da aka buɗe masana'antar gyaran kaji a bayan gari, shi suka ɗauka yanka, don kowa ya san ba ya wasa da bisimilla. Kajin kan zo a rataye jikin sarƙa mai tafiya, ya yanka, ta wuce da su ruwan zafi. Wata safiya ya lura wuƙarsa ba ta ci wuyan wata kaza sosai ba. In ta faɗa ruwan da ranta ta zama mushe, wani kuma zai ci bai sani ba. Ya bi ta ya kai hannu. Kazar dai ya ciro ta, amma injin ya tafi da yatsunsa uku na dama.

Na ji an ce yanzu an rufe wurin da raga, an sa jan maɓallin tsayar da injin. Na san Yaya: zai ce madalla, sannan ya tambaya wa ke duba wuyan kajin.

Ciwon ya warke, cin abinci ne ya gagara. A layinmu maza kan haɗu a ƙofar gida kan tire ɗaya, shi kuwa ya rantse ba zai sa hagu inda mutane ke sa dama ba. Liman ya yi masa bayanin lalura har ya gaji. Ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, yana ta ramewa. Taurin kansa ya ba ni haushi, tausayinsa kuma ya hana ni magana.

Cikin duk abin da ya bari, rana ɗaya na fi riƙewa. Maƙwabcinmu Abakar, Balarabe mai bakin tsiya, ya ɗauko tiren ya dire a ɗakin, mu shida muna biye.

"Ya akhuy, ɗan'uwana, shekara nawa muna cin yankanka ba mu taɓa tambaya ba? Yau hannunka za mu ƙyamata? Khalas, ya isa haka, matso."

Yaya ya daɗe yana kallon tuwon, babu wanda ya taɓa. Can ya yi bisimilla ya sa hagun. Ranar kaɗai na taɓa ganin hawayensa, kuma sai da ya nemi ƙari.

Allah Ya ji ƙanka, Yaya.