Ƙwaryar Jar Kanwa

Shekarun da naira ta yi ƙarfi, kowa a Jibiya ya samu abin da yake so, ban da ni. Maigidana yana kai atamfa da batir Maraɗi, ya sayi rediyo, ya sayi basfa, ya yi mana rufin kwano. Ni kuwa na daɗe a ɗaki ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. In aka yi suna a unguwa ni ce mai tuƙa tuwo, in dawo in kulle ƙofa in yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ba abin da ban sha ba. Rubutu, saiwa, hayaƙi, har wani tsimi mai warin jaɓa.

Wata matar ɗan kwastan, Kirista ce daga Kudancin Zariya, ita ta ce min likitocin Shinuwa, mutanen ƙasar Sin, sun zo Maraɗi suna magani da allurai sirara. Na ce ko da ƙusa suke yi zan je. Kowace ranar kasuwa sai in hau bayan a-kori-kura, jandarma su sauke mu a iyaka, su zazzage ƙullin kowa, rana tana dukanmu.

Likitar wata 'yar tsamurmurar mata ce. Sai ta jera min allurai a mara da ƙwauri da bayan hannu, ta ƙona wani ganye kusa da cibiyata, ta ba ni busassun itatuwa in dafa. Wani tafinta da ke fassara mana maganarta ya ce ta hana ni haɗawa da kowane magani.

Can da damina ta riƙe wuyan hannuna da yatsunta, sannan ta sa aka yi min awo. Tafinta ya sunkuyar da kai ya ce, “An samu. Amma bai yi ƙwari ba, ki kiyaye.” Ko allurar ce, ko lokacin ne ya yi, Allah ya bar wa kansa sani. Ban faɗa wa kowa ba, har maigidan. A wajenmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, balle na fari, balle gaban suruka.

Ina isa gida na tarar da uwar mijina, Inna muke ce mata, zaune a ƙofar ɗakina. Tausayina ya sa ta taka har Bugaje da ƙafarta mai ciwo ta karɓo maganin wankin mahaifa. Ta riga ta jiƙa shi da jar kanwa. Kowace mace ta san abin da wannan jiƙo yake yi wa ƙaramin ciki.

“Ungo, shanye ina kallo,” in ji ta.

Wayyo Allah! Na ce ina azumi. Ta ce ta ga ina tauna goro. Na ce sai anjima. Ta ce, “Ke, mi ke damunki? Ni kike mayar wa hannu?” Ta ɗora min ƙwaryar a leɓe da kanta, har na ji gafin kanwar a haƙorana. Tsoro ya cika ni, ga haushi.

Na runtse ido na ce, “Inna, ciki gare ni.”

Sai na ji ƙarar ruwa a ƙasa. Na buɗe ido, ta kifar da ƙwaryar, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

“Ba ki faɗa ba,” ta ce. “Ni ma ban ji ba. Shiga ki kwanta, 'yar nan.”