Sakin da aka ce mafarki na yi

Jama'a, sama da shekara sittin ban buɗe baki kan wannan ba. Yau na ce a rubuta mini, a saka a nan.

Shekarar da aka ba mu 'yancin kai ina gidan mijina a Lolo. Yana kai bandar kifi zuwa Dahome, wadda yanzu kuke kira Benin.

Wata safiya muka yi cacar baki kan tuwo, ya ce ya sake ni. Daga ni sai shi a tsakar gida. Na shiga haɗa kaya, ya leƙo yana dariya.

"Yaushe nic ce haka? Mahwalki kinka yi."

Na zauna. Bayan wata huɗu ya sake furtawa, ya sake musawa. Na uku ma haka. Yana bin dangi yana cewa a taya shi addu'a, kan matarsa ya taɓu.

Ni ma na yarda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban sani ba, da aure nake zaune ko babu.

Barci ya ƙaura. Abinci ba ya shiga, zuciya na bugawa kamar ana daka. Ko an gaishe ni sai na tambayi ta kusa da ni, "Ke ma kin jiya?"

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Yayana ya sayar da akuya biyu ya kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗebi jini da fitsari, aka haska ido da kunne. Allura safe da yamma. Likita ya ce, "Jini ya yi ƙasa, amma kunnenki ƙalau."

Kwana goma sha takwas ina kwance, ban ji ko kalma ɗaya da ba a faɗa ba. Duk da haka ina tsoron kaina.

Ana gobe za a sallame ni sai ga surukata, ta sha hanya a motar kaya. Ta zauna bakin gado, ta ƙi kallona.

"Ɗiyata, kanki lahiya lau. Duk sakin ukkun na jiya da kunnena ta bayan darni. Ɗana na, shi as sa niy yi shiru."

Na yi kuka, na kuma ji haushinta. Amma ranar na cinye kwanon tuwo.

Ta maimaita gaban alƙali. Ban koma gidan ba. Sai da na shekara kafin na daina tambayar mutane ko sun ji abin da na ji.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan yayana, Ya jiƙan Inna surukata, Ya yafe mata jinkirin.

Idan kullum a gaban mutum ɗaya ne kike "mantuwa", ki je asibiti, ki kuma gaya wa wani abin da aka ce miki tun ranar. Ku kuma da kuke ji ta bayan katanga, kada ku jira sai an kwantar da ita.