Kujerar da Inuwa Direba Ya Bari

Ranar Litinin, 9 ga Maris, 1998, wani ɗan garinsu ya kai Inuwa gidan Alhaji Bala a Nassarawa GRA neman aikin direba. Daga Gumel ya zo. Alhaji bai ko tambayi lasinsa ba, ya ja shi gareji, ya yaye tamfol daga kan wata tsohuwar Fijo 404, fara, ta mahaifinsa. Ya ce da ita za su je Makka ta ƙasa: Maiduguri, Njamena, su ratsa Sudan har bakin teku, a ɗora ta a jirgin ruwa sai Jidda. Inuwa ne zai tuƙa.

Inuwa ya ɗauki maganar da gaske. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya wanke motar, su zaga unguwa, Alhaji na gefe yana tsara inda za su yada zango da kilishin guzuri. Kowace shekara da nata uzurin: damina, bikin 'ya, daga baya kuma hanyar ta daina biyuwa. Shi Alhaji bai fasa zuwa Umara ta sama ba. Inuwa ke kai shi filin jirgi.

A 2012 Hajiya Asabe, matar Alhaji, ta ware kujerar Hajji ɗaya don ma'aikatan gida. Inuwa ya fi kowa daɗewa, shi aka kira falo. Alhaji na zaune yana kallonsa. Inuwa ya ga in ya karɓa nan take, kamar ya ƙaryata maigida ne a gaban iyalinsa. Sai ya yi kara, yana jira a matsa masa.

"Hajiya, ai ni da Alhaji akwai alkawari. A Fijo za mu."

Alhaji ya yi dariya har da tafi. "Kin ji ko? Direbana ba ya hawa jirgi."

Ba wanda ya sake yi masa tayi. Aka ba Ya'u kuku kujerar. Ya dawo da haƙorin Makka, ya miƙa wa Inuwa tsarabar dabino da carbi. Tun daga ranar dole Inuwa ke ce masa Alhaji.

Alhaji Bala ya rasu a 2021. Wajen rabon gado ba magajin da ya so motar, aka sayar wa 'yan gwangwan, suka sassare ta a ƙofar gida. Aka sallami Inuwa. Yanzu gadin wani shago yake yi a Giginyu, idonsa na dama ya yi yana, ya daina tuƙi. Bai je Makka ba.